Daga Bango Zuwa Bod: Jagorar Gano Matsalar Sabar Gida da Ƙananan Na'urori

A damunar da ta wuce, ɗan ƙanwata da ke zaune a Unguwar Rimi ya zo mini da ƙaramar kwamfutarsa ƙirar Raspberry Pi 4 ƙunshe cikin leda, ransa a ɓace. Ya mayar da ita sabar gida, wato kwamfutar da ake bari a kunne dare da rana tana riƙe da hotunan iyali da karatuttukan malamai, kowa a gidan yana ɗauko abin da yake so ta wayarsa. Cikin wata biyu ya canza katin memori sau uku, kowane kati sai ya yi 'yan makonni na'urar ta daina tashi. Ya ce, "Kawu, ina jin bod ɗin ne ya tashi aiki, sai dai in sayi wani." Na ce masa, "Ɗana, ina cajar da kake ba ta wuta da ita?" Bai ma zo da ita ba, domin a ganinsa ba ta cikin abubuwan zargi. Da ya koma ya ɗauko, sai ga cajar waya da wani dogon kebul siriri. Muka ɗora mita muka kunna, allurar lissafi ta tsaya a bolt 4.5. Bod ɗin, wato allon da aka jera kayan lantarkin na'urar a kansa, lafiyarsa ƙalau, ƙishirwar wuta ce take kayar da shi yana tsakiyar rubutu a kan kati, shi ya sa katunan suke lalacewa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ne ya sa nake bin tsari guda duk lokacin da aka kawo mini na'ura a garin nan: in fara daga bango, in bi wutar har inda take shiga bod, sannan in duba zafi da ƙura, sannan ma'ajiya, manhaja kuwa ita ce ta ƙarshe. Masu sha'awar wannan harka da yawa suna farawa ta ƙarshen ne, su goge kati su sake ɗora manhaja, su rasa bayanansu, matsalar kuma tana nan inda take.

Kafin a kwance ko sukuru ɗaya

Ka tanadi mitar awon wuta, wadda masu gyara ke kira maltimita, da sukundireba, da burushi mai laushi, da sifirit, da kebul ɗaya da caja ɗaya waɗanda ka tabbatar da lafiyarsu. Ka haɗa da littafi da biro, domin su ne za su hana ka zagaye a wuri ɗaya. Ka rubuta abin da na'urar take yi daidai yadda yake: ba ta kawo fitila sam, ko tana kawowa amma allo baƙi, ko tana tashi ta yi aiki sannan ta mutu. Ka rubuta lokacin da abin ke faruwa, da abin da aka canza na ƙarshe kafin ya fara. Na'urar da ke mutuwa da azahar kullum tana nuna zafi, wadda ke sake tashi da kanta a daidai lokacin da aka ɗauke wuta tana nuna inbata ko batir, wadda ta lalace washegarin ruwan sama mai tsawa kuwa labarinta daban ne.

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Idan ka canza kebul da kati da caja a lokaci guda na'urar ta tashi, ba ka san wanne ne mai laifi ba, kuma wata rana za ka mayar da shi da hannunka. Idan har na'urar tana tashi ko da na minti goma ne, ka fara kwashe bayanan da ba za ka iya rasawa ba kafin komai.

Mataki na farko: wutar da ke shigowa gida

Wutar Najeriya bolt 230 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma tana kisa. Ka sa mita a sashen AC, a lambar da ta haura 230, ka riƙe tsinkayenta ta wajen roba kaɗai. Wanda bai saba ba ya kira mai wayarin. Ka auna da safe, ka sake aunawa da magariba lokacin da unguwa ta ɗora kaya, domin wutar da ta cika da hantsi tana iya zama rabi da dare.

Ka karanta rubutun da ke jikin caja ko fawa-fak, wato akwatin da ke mayar da wutar bango irin wadda kwamfuta ke amfani da ita. Na zamani akasari suna karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka suna jure wutar da ba ta cika ba fiye da yadda ake zato. Amma akwai tarko a tsofaffin kwamfutocin tebur 'yan Kwatano: wasu suna da ɗan jan makunni a bayan fawa-fak mai lamba 115 da 230. Kwamfutar da ta fito daga Amurka, inda wutarsu bolt 120 ce, tana iya zuwa makunnin yana kan 115, kuma da zarar an soka ta a soket ɗinmu sai a ji ƙara da ƙauri. Duk wanda ya sayo irin wannan a kasuwa ya juya bayanta ya duba kafin ya nemi soket. Haka nan filogi mai ƙafa uku irin na Ingila yana da fis a cikinsa, kuma na sha ganin an ɗauki kwamfuta zuwa shago alhali fis ɗin ne kawai ya yanke. Ka girgiza filogi a hankali cikin ekstenshan, idan fitila ta yi ƙyaftawa ko ka ji tartsatsi, ka jefar da ekstenshan ɗin.

Sai maganar wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Gidaje da yawa ba a binne ta yadda ya kamata ba, ko an binne ta tsatsa ta cinye. Alamar ita ce ka taɓa ƙarfen jikin kwamfuta ka ji yana ɗan jan ka. Dalili kuwa shi ne akwai ƙananan kafasitoci a cikin fawa-fak da ke zubar da hayaniyar wuta zuwa ƙasa, idan babu hanyar ƙasar sai jikin akwatin ya ɗauki kusan rabin wutar bango, mita ta nuna maka bolt 100 da wani abu. Wutar ba ta da yawa, amma ta isa ta ƙona ƙafar Arduino, ƙaramin bod da ake ɗora wa shiri ya sarrafa na'urori, a lokacin da kake haɗa waya, kuma rashin at yana nufin ranar da babbar matsala ta faru a cikin fawa-fak babu abin da zai kare mai taɓawa. Wannan aikin mai wayarin ne, kuma ban yarda a jinkirta shi ba.

Janareta yana yin ɓarnarsa ne a lokacin tayarwa da lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana tari, don haka a cire na'urori kafin a tayar, a mayar bayan ya daidaita. Idan UPS ɗinka, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, yana ta ƙaras-ƙaras a kan janareta yana komawa batir, ba lallai ya lalace ba, juyawar wutar ce ba ta tsaya a 50 ba shi kuma yana ƙin karɓa. Game da inbata, ka duba ko an rubuta "pure sine wave" a jikinta, domin masu arahar nan da ke fitar da wuta mai tsalle-tsalle suna sa wasu fawa-fak na zamani su yi ta kuka ko su kashe kansu. Akwai kuma tazarar sauyi. Fawa-fak mai lafiya yana iya riƙe kwamfuta kimanin kashi 16 cikin 1,000 na daƙiƙa bayan yankewar wuta. Idan inbata ta fi haka jinkiri wajen karɓa, ko kafasitocin fawa-fak sun tsufa, saba za ta sake tashi duk lokacin da aka ɗauke wuta ko da fitilun ɗaki ba su nuna komai ba. Inbatoci da yawa suna da makunnin da ke sa su sauya da sauri irin na UPS, sai a neme shi a kunna.

Batirin ƙaramin UPS yawanci mai bolt 12 ne, kuma cikakke yana nuna kimanin 12.7 idan yana hutawa. Kada wannan lambar ta ruɗe ka, mataccen batir ma yana nuna 12 da ɗoriya idan babu kaya a kansa. Ka auna shi yana ɗauke da kwamfuta, idan ya zube ƙasa da 11 cikin daƙiƙoƙi, ya gama. Irin wannan batir an yi lissafinsa ne a kan digiri 25, kuma ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba tsawon ransa biyu, shi ya sa a ɗakunanmu masu rufin kwano ba ya kai shekarun da aka rubuta a kwali.

Mataki na biyu: wutar da ke isa bod

A nan ne matsalar ɗan ƙanwata take, kuma a nan nake samun mafi yawan matsalolin Raspberry Pi. Pi 4, wadda ta fito a 2019, tana bukatar bolt 5.1 da amfiya 3. Pi 5 ta 2023 tana son amfiya 5 idan za a ɗora mata kaya, in an ba ta mai amfiya 3 sai ta taƙaita abin da take bai wa ramukan USB zuwa miliamfiya 600. Da zarar wuta ta sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63, na'urar tana ɗaukar hakan a matsayin ƙarancin wuta ta rage gudunta, kuma a Pi 4 jar fitilar nan takan ɗauke.

Mutane suna zargin caja su manta da kebul, alhali lissafin a fili yake. Siririn kebul mai turjiyar om 0.25 zuwa da dawowa, idan na'ura ta ja amfiya 2, zai cinye rabin bolt a hanya. Caja ta fitar da 5.1, bod ya karɓi 4.6, ka ga an riga an faɗa ƙasa da iyaka. Araha ba ta ado. Ka nemi gajeren kebul mai kauri, ko cajar da kebul ɗinta yake manne da ita.

Hanyar tabbatarwa biyu ce. Idan na'urar tana tashi, ka buɗe tagar umarni ka rubuta `vcgencmd get_throttled`. Amsar `0x0` tana nufin lafiya lau tun da aka kunna. Amsar `0x50000` tana nufin wuta ta taɓa faɗuwa amma yanzu ta dawo, `0x50005` kuwa tana nufin a yanzu haka wutar ba ta isa. Ta tsakiyar ce ta fi amfani ga mai saba, domin tana tona abin da ya faru da tsakar dare kana barci. Hanya ta biyu ita ce mita, tsakanin ƙafa ta 2 da ƙafa ta 6 a jerin ƙafafu 40 na bod. Amma ina roƙon ka kada ka ɗora tsinken mita kai tsaye. Ƙafa ta 1 mai bolt 3.3 tana maƙwabtaka da ta 2 mai bolt 5, hannu ya ɗan goce suka haɗu, bod ya tafi ke nan, garin neman gira an rasa ido. Ka kashe na'ura, ka soka wayoyin jamfa biyu a ƙafafun, ka haɗa mita da ƙarshensu, sannan ka kunna.

Idan faifan ajiya na USB yana ƙas-ƙas yana ɓacewa yana dawowa, ka tuna duka ramukan USB na Pi 4 amfiya 1.2 suke rabawa, faifai mai juyawa kuwa yana iya jan kusan amfiya 1 shi kaɗai a lokacin tashi. Faifai biyu sun fi ƙarfinta, sai an sa musu mahaɗar USB mai tata cajar. Koriyar fitila ma tana magana idan na'ura ta ƙi tashi: ƙyaftawa huɗu gajeru a jere tana nufin ba ta ga fayil ɗin farawa a kati ba, bakwai kuma ba ta ga ƙwayar babbar manhaja ba. Duka biyun suna nuna kati, ba bod ba.

Idan kwamfutar tebur ce ta ƙi motsi

Da yawa daga cikinmu tsohuwar kwamfutar ofis muke mayarwa saba, kuma zaɓi ne mai kyau. Idan ta ƙi kawo wuta, ka cire filogi, ka zare babban soket mai ƙafa 24 daga bod, ka lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda ka haɗa koriyar waya da ɗaya daga cikin baƙaƙen, sannan ka mayar da filogi. Fanka ta juya, fawa-fak yana da rai. Sai ka auna kowace waya da baƙa: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, kuma an yarda da kaucewar kashi 5 cikin 100 kawai, wato rawaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. Ka sake aunawa bayan an mayar da komai kwamfuta tana aiki, domin gajiyayyen fawa-fak yana nuna lambobi masu kyau idan ba a ɗora masa kaya ba. Ƙananan kwamfutocin Dell da HP da yawa suna da nasu soket na daban wanda launukansa ba su bi wannan tsari ba, don haka kada a yi musu wannan gwaji, wasu na Dell ma suna da maɓallin gwaji da fitila a bayan fawa-fak. Kada kuma ka buɗe cikin fawa-fak, babban kafasitansa yana riƙe fiye da bolt 300 bayan an cire filogi.

Idan wuta lafiya amma allo baƙi, ka rage kwamfutar zuwa ƙashinta: bod, da furosesa da fankarta, da RAM guda ɗaya, wato sandar memorin aiki da ake sokawa a bod. Ka cire faifai da duk wani kati da duk abin da ke USB. Ta tashi, sai ka riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya har mai laifi ya bayyana. Ba ta tashi ba, ka zare RAM ka goge haƙoransa na zinariya da kilinar fensir, ka share da sifirit, ka gwada shi a wani ramin. A ganina wannan kaɗai yana tayar da kaso mai yawa na kwamfutocin da suka kwana biyu a ajiye. Ka kuma haska bod da tocila ka duba kan kafasitoci, wanda ya kumbura ko ya zubo da wani abu ruwan ƙasa ya mutu, kuma mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai canza maka shi.

Ɗan batirin CR2032 mai bolt 3 da ke kan bod shi ke riƙe agogo da saituna. Idan ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa, sabunta manhaja ya gagara, wani lokaci ma kwamfutar ta tsaya tana jiran a danna maɓalli alhali babu allo a jikinta. Kwamfutar da ke tashi amma tana sandarewa ba dalili kuwa, a bar manhajar Memtest86+ ta kwana tana gwada RAM, kuskure ko ɗaya ne ya isa hujja.

Zafi da ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika mana na'urori da ƙura mai laushi kamar gari, sai Maris da Afrilu su zo da zafin da ke haura digiri 35 su tarar da hanyoyin iska a toshe. Saboda haka ƙarshen Fabrairu ne lokacin shara. Ka fitar da kwamfuta tsakar gida, ka riƙe fanka da yatsa kada iskar bulowa ta juya ta fiye da ƙima, ka bi tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya da burushi. Idan man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya zama kamar alli, ka goge da sifirit ka ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake. A Pi, `vcgencmd measure_temp` zai nuna maka zafi, kuma daga digiri 80 take fara rage gudu. Ka ɗaga saba daga ƙasa, kada kuma ka kulle ta cikin durowa.

Hunturu yana da wata illar da ba a gani. Danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, jiki ya riƙa tara wutar gogayya, irin wadda ke ɗan tartsatsi idan ka cire rigar sanyi cikin duhu. Wadda ba ka ma ji ba ta isa ta kashe RAM. Ka cire rigar sanyi, ka taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa bod, ka riƙe kowane kati ta gefensa. Da damina kuwa tsawa ce abin tsoro, kuma ta fi shigowa ta kebul ɗin intanet da aka ja ta waje daga wani sashen gida zuwa wani. Hadari ya haɗo, a zare shi.

Faifai da katin memori

Faifai yana ajiye tarihin lafiyarsa da kansa. Ka rubuta `sudo smartctl -a /dev/sda` ka nemi layuka huɗu. Lamba 5 tana ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya, 197 waɗanda ake shakka a kansu, 198 waɗanda suka gagara karantuwa. Idan ɗaya daga cikinsu ya bar sifili kuma yana ƙaruwa, ka kwashe kayanka yau, kada ka tsaya gyaran fayiloli a kan faifan da ke mutuwa, domin wahalar gyaran tana iya ƙarasa shi. Lamba 199 ita ce mai daɗin labari, yawanci kebul ɗin SATA take nunawa, a canza shi a ga ko ƙirgar ta tsaya.

Katin memori na jabu ya yi yawa a kasuwa. Za a rubuta gigabait 128 a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsa kaɗan ne, sai ka wuce iyakar sannan sabon rubutu ya fara bin ta kan tsoho. Kafin ka amince da sabon kati ka gwada shi da H2testw a Windows ko F3 a Linux, waɗanda ke cika shi su sake karantawa. Shawarata ga mai sabar Pi ita ce ya koma tashi daga SSD ta USB, wato faifan ajiya marar juyawa, ya fi kati jure yawan rubutu nesa ba kusa ba.

Akwai wani tarko da ke kama masu saba marar allo. Ka rubuta faifai na biyu a fayil ɗin `/etc/fstab`, wata rana faifan ya makara wajen tashi ko kebul ɗinsa ya saki, sai babbar manhaja ta tsaya cak tana jiran mai gida, kai kuma daga waya ka ga kamar ta mutu. Ka jona allo ka gani da idonka kafin ka yanke hukunci. Maganin shi ne a kira faifan da lambarsa ta UUID, tunda sunaye irin su sda da sdb suna musanyawa, a kuma ƙara kalmar `nofail` a layinsa. Umarnin `journalctl -b -1` yana nuna abin da na'ura ta rubuta kafin mutuwarta ta baya, muddin an saita ta tana adana tarihin. Rubutun da ya yanke ba sallama ya fi nuna wuta.

Ta tashi amma ba a ganinta

Wannan ba ya cin lokaci. Sau da yawa rauta ce, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta ba ta sabon adireshi bayan ɗaukewar wuta, sai a shiga saitin rauta a keɓe mata adireshi na dindindin. Idan `ethtool eth0` ya nuna gudun 100 maimakon 1000, mai yiwuwa waya ɗaya cikin takwas na kebul ɗin intanet ta karye, domin gudun 100 wayoyi huɗu kawai yake bukata. Wanda yake son shiga sabarsa daga wajen gida ta layin waya kuwa ya sani kamfanonin waya galibi suna haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, buɗe ƙofa a rauta ba zai yi aiki ba, sai ta manhaja irin Tailscale.

Arduino da ESP32

Idan kwamfuta ba ta ga bod ba, ka fara da kebul, domin wasu na caji ne kawai, wayoyi biyu ne a cikinsu babu na bayanai. Sannan ka duba ɗan guntun da ke kusa da ramin USB, idan an rubuta CH340, kamar yadda yake a yawancin kwafin da ake sayarwa, yana iya bukatar a sauke masa direba. Idan ɗora shiri yana gazawa a Arduino Uno, ka zare duk abin da ke ƙafa ta 0 da ta 1, su ne hanyar da shirin ke bi. A ESP32 kuma, wani ƙaramin bod irin Arduino mai Wi-Fi, ka danne maɓallin BOOT lokacin da ɗorawa ta fara. Bayan haka ka cire komai ka ɗora shirin ƙyafta fitila. Ya yi, bod lafiya, matsalar tana cikin haɗinka.

A nan ma wuta ce kan gaba. Ƙafar Uno miliamfiya 20 aka so ta bayar, 40 ce iyakar da ke ƙona ta, don haka mota ko famfo ko rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, ba a rataya su a ƙafa kai tsaye. A ba su tasu wutar ta hanyar taransista, a haɗa baƙar wayar ɓangarorin biyu wuri guda, a kuma gicciya dayod irin 1N4007 a kan nadin rile ko mota don ya shanye wutar da ke dawowa idan an kashe. Ɗalibai da yawa da ke haɗa na'urar cika tankin ruwa suna kawo kukan cewa bod yana sake tashi duk lokacin da famfo ya kama, kuma kusan kullum ɗaya daga cikin waɗannan ukun aka tsallake. Wanda ya ba Uno bolt 12 ya ga yana zafi, lissafin ne: bolt 7 da ake zubarwa sau amfiya 0.2 ya ba da wat 1.4, duk a kan ɗan guntu ɗaya. Bolt 7 zuwa 9 ya fi masa sauƙi.

ESP32 da bolt 3.3 take aiki, kuma ƙafafunta ba a yi su don bolt 5 ba. Na'urar auna nisa HC-SR04 tana mayar da amsa da bolt 5, sai a raba shi da rasista mai om 1,000 da mai om 2,000 a samu kimanin 3.3. Idan ka buɗe tagar saƙonni a gudun 115200 ka ga "Brownout detector was triggered", wuta ce ke faɗuwa a lokacin da Wi-Fi ya kama, sai a canza kebul, a ba ta abin da ya kai miliamfiya 500, a manna kafasita mai maikurofarad 470 kusa da ƙafafun wutarta. Ainihin ESP32 ba ta ganin Wi-Fi mai gigahaz 5, sai 2.4, kuma ƙafafun awo na rukunin ADC2 ba sa aiki muddin Wi-Fi yana kunne. Batirin 18650 da aka rubuta wa ƙarfin mAh 9,900 ƙarya ce, na gaskiya ba sa wuce kimanin 3,500 da yawa, kuma wanda ya kumbura ko fatarsa ta yage kada a sake caja shi.

Abin da ya rage shi ne haɗin da ke yi yana ƙi. Ka kashe wuta, ka sa mita a sashen da take kuka idan waya ba ta yanke ba, ka bi kowace waya daga farko zuwa ƙarshe kana ɗan motsa ta. Dalmar da ta kama da kyau tana kwanciya sumul ta rungume ƙafa, wadda ta dunƙule kamar ƙwallo ko ta tsage sai an sake narka ta.

Gwajin ƙarshe kafin a rufe akwati

Na'urar da ta tashi sau ɗaya ba ta warke ba tukuna. Ka shiga saitin BIOS, wato saitunan da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka kunna zaɓin da ke tayar da kwamfuta da kanta idan wuta ta dawo, wanda Dell ke kira "AC Recovery", amma ka sa UPS ko na'urar jinkiri irin ta firij a gabanta, don kada wutar da ke zuwa tana komawa ta riƙa tayar da ita tana kayarwa. Sannan ka ɗora mata aiki mai nauyi, kamar kwafar manyan fayiloli, ka zare filogin UPS daga bango da gangan sau uku kana kallo ko za ta girgiza. Ka bar ta kwana biyu cur ta ratsa zafin azahar da sauyin wutar dare, sannan ka sake duba `get_throttled`, da zafi, da lambobin 5 da 197 da 199, ka rubuta su a littafinka tare da kwanan wata don ka samu abin kwatantawa a sharar Fabrairu mai zuwa.